Jarida a Murhu: Hukuncin Takardar da Ke Ɗauke da Sunan Allah

A shagunan kayan gida na Ingila da Ayalan ana sayar da wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman jan bulo, da huji-huji a gindinsa da hannuwa biyu da ake dannawa su gicciye juna. Aikinsa ɗaya ne, mayar da tsohuwar jarida makamashi. Sai a yayyaga jaridar, a jiƙa ta a bokiti kwana biyu ko uku har ta narke ta zama ƙullu, a ɗebo a cika akwatin, a danne ruwan ya tsiyaye, a zare bulon a shanya. A can inda rana ke rowar fitowa, bushewar kan ci makonni, shi ya sa ake aikin da bazara a tara wa hunturu. A Kano ko Maraɗi, a tsakiyar watan Afrilu, 'yan kwanaki sun isa.

Dabarar kan farfaɗo ne duk lokacin da makamashi ya yi tsada. Ta samu kasuwa bayan rikicin man fetur na 1973, ta sake ɗagowa a 2022 da kuɗin gas ya tashi a Turai. A gabashin Afirka kuma, wata ƙungiya daga jihar Oregon ta Amurka mai suna Legacy Foundation ta daɗe tana koya wa mutanen karkara yin curin makamashi da matsi na katako, inda takarda ke zama abin da ke riƙe garin katako ko ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye, a bar rami a tsakiyar curin don iska ta ratsa wuta ta kama da kyau. Bulon takarda bai kai icen kirya daɗewa a murhu ba, kuma yana barin toka mai yawa, amma yana tafasa ruwa, kuma ba a sare bishiya ko ɗaya saboda shi ba. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da dama suka jingine tukunyar gas suka koma kan gawayi da itace, duk wata dabara irin wannan ta cancanci a saurare ta.

A gidan Bature maganar tana tsayawa a kan toka da hayaƙi. A gidan Musulmi akwai tambayar da ta riga waɗannan zuwa, domin jarida ba farar takarda ba ce. Duk wanda ya buɗe jaridar Hausa ta ranar Juma'a zai ga shafin addini cike da ayoyi da hadisai, ga sanarwar rasuwa da aka buɗe da istirja'i, ga tallan taya murna na 'yan siyasa da ke farawa da godiya ga Ubangiji, ga Abdullahi da Abdurrahman a kusan kowane labari, har na kotu da na ƙwallo. Haka abin yake tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, balle Alfijir ta Kano da aka riƙa bugawa da ajami. To, ya halatta a jiƙa wannan duka a bokiti, a matse, a tuƙa tuwo da shi?

Zuciyar Bahaushe takan amsa kafin kansa ya yi tunani. An tashe shi a kan cewa idan ya ga takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa ya ɗauke, ya kakkaɓe, ya cusa a tsagar katanga ko a rufin zaure, ko da kuwa tambarin kwalin dabino ne. Malamai suna ƙarfafa wannan tarbiyya da labarin Bishirul Hafi, waliyyin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 227 bayan Hijira, wanda littattafan sufaye suka ce mafarin tubarsa shi ne ya tsinci takarda mai bisimilla a hanya, ya sayi turare da ɗan kuɗin da ke hannunsa ya shafe ta, ya ajiye a wuri mai tsarki. Aya ta 32 a Suratul Hajji ma ta ɗaura girmama alamomin addinin Allah a kan taƙawar zuci. Mai wannan tarbiyya idan ya ji an haɗa kalmar wuta da sunan Allah a jimla ɗaya, tsikar jikinsa ce ke tashi.

Sai dai tarihin Alƙur'ani kansa yana da wuta a cikinsa, kuma Halifa na uku ne ya ba da umarnin hura ta. Buhari ya ruwaito cewa Huzaifa ɗan Yamani ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan a tsorace, saboda ya ji mutanen Sham da na Iraƙi suna saɓani a kan karatu. Sayyidina Usman ya aika wa Nana Hafsa ta ba da aron takardun da aka tattara a zamanin Sayyidina Abubakar, ya sa Zaidu ɗan Sabit da Abdullahi ɗan Zubairu da Sa'idu ɗan Asi da Abdurrahman ɗan Haris suka kwafe su, ya aika wa manyan garuruwa kwafi ɗai-ɗai, sa'an nan ya ce duk wani abin da aka rubuta Alƙur'ani a kai ban da waɗannan a ƙone shi. Masu adawa da shi sun riƙa yi masa gori da wannan daga baya, Sayyidina Ali kuma ya kare shi, ya ce da shawarar sahabbai aka yi.

Daga nan malaman fiƙihu suka rabu. Ibnu Baɗɗal, Bamalike ɗan Andalus mai sharhin Buhari, ya fahimci cewa hadisin ya halatta ƙona rubutun da ke da sunan Allah, kuma ya ɗauki ƙonawar a matsayin girmamawa, tunda tana hana a tattake shi. Hanafawa da Hambalawa sun fi son a naɗe tsohon Mus'hafi a ƙyalle mai tsarki a binne shi inda ba a takawa. Shafi'awa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: Suyuɗi ya kawo a cikin Itƙan cewa Halimi bai ga laifin ƙonawa ba, Alƙali Husaini ya hana, Nawawi ya ce makaruhi ne. Malikawa, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun rataya hukuncin a kan manufa. Muhtasar na Halil ya lissafa jefa Mus'hafi cikin ƙazanta a babin ridda, masu sharhinsa kuma suka bambanta wanda ya ƙona don raini, wanda hukuncinsa ɗaya da mai jefawa a ƙazanta, da wanda ya ƙona don kariya, wanda babu komai a kansa.

Akwai wata ƙaramar magana a Fathul Bari da ta fi kowace kusa da bokitin mai bulo. Ibnu Hajar ya kawo cewa Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatai da azumi, ya tabbatar da cewa sahabbai sun fara wanke takardun ne da ruwa, sa'an nan suka ƙona su, don kada alamar rubutun ta saura. Ruwa da farko, wuta daga baya. Wannan shi ne jerin aikin mai bulon jarida, ko da yake shi bai taɓa jin sunan Iyal ba. Kafin bulonsa ya ga murhu, babu baƙi ɗaya da ido zai iya karantawa a jikinsa, sai dunƙule mai ruwan toka.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin wanda ya san karatu zai ce an yi ƙiyasi da bambanci. Sayyidina Usman ya ƙona ne don ya tsare Littafin, bai ɗora tukunya a kan wutar ba. Mai bulo kuwa zafin yake so. Manufarsa miya ta nuna, kariyar rubutun in ma ta samu, tsintuwa ce. Wannan suka ce mai nauyi, kuma ita ce ta hana a yi wa tsohon Mus'hafi ko juzu'in yara da ya yage irin wannan aiki. Abin da aka rubuta tun farko don ya zama Alƙur'ani, ba a mayar da shi icen girki, ko an wanke ko ba a wanke ba, kuma da wuya a samu malamin da zai ce akasin haka.

Jarida fa? Fiƙihu ya daɗe da raba Mus'hafi da takardar da aya ta faɗo cikinta. Wasiƙar da Annabi (SAW) ya aika wa Hiraƙal sarkin Rum tana ɗauke da aya ta 64 ta Suratu Ali Imrana, kuma an san hannun wanda ba Musulmi ba za ta shiga. Da wannan malamai suka kafa hujja cewa marar alwala yana iya taɓa littafin fiƙihu ko wasiƙa mai aya a ciki, domin hukunci yana bin abin da ya rinjaya. Jarida kuwa abin da ya rinjaya a cikinta shi ne kasafin kuɗi da rikicin jam'iyya da sakamakon wasan Kano Pillars da tallan fili. Wannan bai sauke mata alfarma gaba ɗaya ba. Shaihu Ibnu Baz ya yi fatawa cewa bai halatta a shimfiɗa jarida mai ayoyi a ci abinci a kai ko a naɗe kaya da ita ba, sai dai a adana ta, ko a ƙone, ko a binne a wuri mai tsabta. Abin lura a fatawar shi ne wuta tana cikin hanyoyin tsira, naɗin kaya ne ke cikin haramci.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tsohuwar tambaya ta masu ilmin tauhidi: a ina alfarmar take zaune, a takarda, ko a tawada, ko a siffar baƙaƙen, ko a ma'anar da suke ɗauke da ita? Musulmi sun sha wuya a kan 'yar uwar wannan tambaya. A shekara ta 218 bayan Hijira Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, Imam Ahmad ɗan Hambali ya ƙi, ya sha ɗauri da bulala a hannun magajinsa. Bayan ƙura ta lafa, Buhari ya rubuta littafi yana bambanta maganar Allah, wadda ba halitta ba ce, da muryar mai karatu da tawada da takarda, waɗanda duk halittu ne. Idan haka ne, darajar takarda aro ce daga abin da take ɗauke da shi. Mutanen yau ma suna aiki da wannan fahimta ba tare da sun lura ba, kullum ana goge saƙonni masu ayoyi daga waya don a samu wuri, ba a ji wanda ya je neman fatawa ba. Fiƙihu kuma ya yarda cewa hukuncin abu yakan canza idan zatinsa ya canza, kamar giyar da ta juye khal da kanta ta zama halal. Idan najasa tana gushewa da gushewar siffa, akwai hujjar cewa hukuncin rubutu ma yana gushewa idan rubutun ya narke.

Makarantar allo ce wurin da wannan hujja ke samun goyon baya da kuma cikas a lokaci guda. Almajiri yana wanke allonsa duk lokacin da ya haddace darasi, kuma tawadar da ya wanke ɗin daga gawayi ko baƙin gindin tukunya da ƙaro aka haɗa ta, wato daga murhu ta fito tun asali. Ba wanda ya taɓa kiran wankin allo wulaƙanci. Amma kuma ba a zubar da ruwan a kwata. Ana neman gefen da ƙafa ba ta takawa, ko gindin bishiya, ko kuma a shanye shi, domin rubutun sha ya ginu ne a kan imanin cewa albarkar ayar tana bin ruwan bayan baƙaƙen sun ɓace. Ashe ke nan a idon Bahaushe narkewar rubutu ba ta share komai da komai. Wanda ya yi imani da rubutun sha ba zai iya cewa ruwan bokitin jarida ruwan banza ne kawai ba, sai dai ya ce allo Alƙur'ani ne zalla da aka rubuta da niyya, jarida kuwa labarai ce da sunan Allah ya ratsa. Bambancin gaskiya ne, amma bambancin yawa ne, kuma shi ya sa inda za a zubar da ruwan ya zama abin kulawa.

Ba Musulmi kaɗai wannan damuwa ta dama ba. Yahudawan tsohuwar Alƙahira sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zuba duk takarda mai rubutun Ibrananci a wani ɗaki na majami'ar Ben Ezra, don gudun jefar da sunan Ubangiji. Da Solomon Schechter ya je a ƙarshen 1896, ya kwashi guntaye kusan 193,000 zuwa Jami'ar Cambridge, aka tarar har da takardun aure da wasiƙun 'yan kasuwa da na magani. A babban masallacin San'a na Yaman, masu gyaran rufi ne suka ci karo da tarin tsofaffin takardun Alƙur'ani a 1972, ciki har da wasu daga mafi tsufa a duniya. Kusa da Kwetta a Pakistan, tun 1992 ake haƙa ramuka a cikin dutse ana jibge buhunan tsofaffin Mus'hafai. Sinawan zamanin da kuwa wuta suka zaɓa: suna da ƙungiyoyin da ke ɗaukar ma'aikata su bi titi suna tsintar takarda mai rubutu, a ƙone ta a wata tanderu ta musamman, a kai tokar kogi ko teku, kuma ɗaya daga irin waɗannan tanderu da aka gina a 1875 tana nan a Longtan ta Taiwan. Hukumomin addini a Malesiya ma suna ƙona Mus'hafan da suka lalace, su dunƙule tokar, su kai ta teku. Duk waɗannan hanyoyi na zamanin da takarda ke da tsada ne ko na littafi mai tsarki kaɗai. Babu ɗaki ko kogon da zai ɗauki jaridar da injin ke fitarwa dubbai a kowace safiya.

Abin da hankali ya fi kwanciya da shi, idan aka auna maganganun nan, aiki ne na almakashi kafin bokiti. A ware shafin addini da duk inda aya ko hadisi ko bisimilla suka fito sarari, a ƙone su daban a wuri mai tsabta a binne tokar, ko a binne su yadda suke. Sauran, da Abdullahinsu da Abdurrahmaninsu, a jiƙa su har rubutun ya ɓace sarai, a zuba ruwan a gindin shuka. Wanda ya ce ko hakan zuciyarsa ba ta natsu ba, ya bari, tsantseni ne kuma ba a zargin mai shi. Abin da ba shi da shi shi ne ikon kafirta maƙwabcinsa da ya yi.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ba ƙarama ba ce, domin zargin ƙona takarda ya sha cin rai. A watan Agustan 2012 an kama wata yarinya Kirista a wata unguwar talakawa da ke gefen Islamabad bisa zargin an ga ƙonannun shafuka masu ayoyi a ledarta. Babbar kotun birnin ta kori ƙarar a watan Nuwamba, amma iyalin ba su iya komawa gidansu ba, a ƙarshe Kanada suka tafi. A watan Maris na 2015 gungun mutane suka kashe wata ɗalibar ilmin addini 'yar shekara 27 a tsakiyar Kabul, bayan ta yi musu da wani mai sayar da layu ya ɗaga murya ya ce ta ƙona Alƙur'ani. Masu bincike ba su samu wata shaida cewa ta ƙona shi ba. Arewacin Nijeriya ma ya ga irin wannan fiye da sau ɗaya. Littattafan da suka tsananta a kan mai raina Mus'hafi su ne kuma suka ce sai an san manufarsa, sanin manufa kuwa aikin alƙali ne da shaidu, taron kasuwa ba ya iya shi. Idan sana'ar bulon takarda ta yaɗu, masu tara takardun za su kasance yara ne da mata da 'yan jari-bola, da yawansu ba sa karatun boko balle su tantance aya, kuma su ne za su fara shiga hatsari idan liman bai yi wa unguwa bayanin hukuncin ba tun da wuri.

Akwai kuma wata suka da ba ta shafi rubutu ba, wadda fiƙihu ke kula da ita ta ƙofar hana cutarwa. Takarda mai sheƙi ta mujallu da kalanda tana da farar ƙasa da aka shafe ta da ita, ga launuka iri-iri, ba ta ci da kyau kuma hayaƙinta ba na shaƙa ba ne. Bulon da bai bushe ba hayaƙi kawai yake yi. A Jamus doka ba ta sa bulon takarda cikin abubuwan da aka yarda a ƙona a murhun gida ba, duk da ana sayar da akwatin matsa shi a kasuwa. Matar da ke girki a rufaffen ɗaki da goyo a baya ta fi buƙatar a gaya mata wannan kafin a kai ga saɓanin Halimi da Alƙali Husaini.

A kasuwa kuma, abokin takarar mai bulo ba malami ba ne, mai tsire ne. Shi da mai ƙosai da mai gyaɗa da mai balangu su ne suka daɗe suna sayen tsohuwar jarida a kilo, har da littattafan rubutu na 'yan makaranta da takardun jarrabawa, na darasin addini ma ba a ware su ba. Hukumar kula da abinci ta Indiya ta gargaɗi jama'a tun 2016 a kan naɗe abinci da jarida saboda tawadar da ke bin mai ta shiga ciki, a nan kuwa ana ci ana lashe yajin da ya maƙale a kan sanarwar rasuwar wani. Daga hannun mai ci takardar ke faɗawa ƙasa, iska ta kai ta lambatu, akuya ta tauna abin da ya saura. Wannan ita ce hanyar da fatawar Ibnu Baz ta hana ƙarara, kuma ita ce ba a cika jin huɗuba a kanta ba. Tunda mai tsire shafi cikakke yake so kuma zai biya, abin da zai rage wa mai bulo shi ne yagaggu da jiƙaƙƙu da waɗanda aka tsinto daga juji.